Ganye, Takarda, Leda da Foyil: Abin da Muke Ƙunsa Abincinmu a Ciki

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mutumin Kuki, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya





Lokacin da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabin bana, na ɗauka zai ce in yi magana a kan aikin duba-gari, tunda a cikinsa na ƙare ƙuruciyata har na yi ritaya. Sai ya ce in zaɓi abin da na ga dama. Da na faɗa masa cewa zan yi magana ne a kan ƙunshin abinci, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, a gaban su Firinsifal?" Na ce masa ƙwarai kuwa. Dalilina shi ne, a shekarun da na yi ina zagaya kasuwanni da mahauta da bakin tasha, na ga mutane suna kula da wanke nama, suna kula da mai da gishiri, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya dubi abin da aka naɗe abincin a ciki. Alhali kuwa idan abinci yana da zafi da maiƙo, abin da aka ƙunsa shi a ciki yakan zama wani ɓangare na abincin. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau. Akwai kuma wani tsohon bashi da ke wuyana, wanda zan biya kafin in zauna.

Bari in fara daga gida. Ni mutumin Kuki ne, a can na yi wayo kafin a kawo ni makarantar kwana a 1979. Abin da na buɗe ido na gani shi ne, idan mahaifiyata za ta yi tubani, sai ta aike mu mu samo mata ganyen dawa ko ɓawon masara. Ta kwaɓa garin wake da ɗan ruwan kanwa, ta ɗiba ta zuba a ganye ta naɗe, ta kakkarya kara ta jera a gindin tukunya, ta zuba ruwa kaɗan yadda ba zai taɓa ƙunshin ba, sannan ta jera ta rufe. Ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma abin da take yi kimiyya ce tsantsa. Tururi ne yake dafa tubanin, ganye kuma yana tsare danshi da ɗanɗano, ya kuma ba shi wani ƙamshi nasa na kansa. Idan an gama ci, a watsa wa awaki ganyen, ko a zuba shi a juji ya zama taki. Babu abin da ya yi saura.

Mu kuma yara, idan muna kiwo ko tsaron gona, mukan tura dankali ko rogo cikin rushi, ɓawonsa ya zama masa riga. Fataken goro kuwa, tun zamanin da ake zuwa Gwanja da jakuna, da ganye suke yin huhu don kada goro ya bushe a hanya. Kuma ba mu kaɗai ne muka san wannan hikima ba. Yarbawa suna yin alalensu a cikin ganye, Inyamurai suna ƙunsa okpa a ganyen ayaba, dokunun da 'yan uwanmu mazauna zangon Kumasi suke ci a ɓawon masara ake dafa shi, haka mutanen Meziko suke yi da wani abincinsu na masara mai suna tamale. Faransawa ma suna da wani girki na kifi da suke naɗewa a farar takarda ta musamman su sa a tanda, a kawo wa baƙo a rufe, ya buɗe da hannunsa.

Daga ganye sai muka koma takarda. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya ya shiga Maraɗi ya ga yadda mahauta suke yanka naman rago, su haɗa da albasa da yaji da ɗan mai, su naɗe a takarda mai kauri ruwan ƙasa, su ajiye a gefen wuta har ya yi laushi. A nan gida ma masu balangu suna yin haka. Yaro zai yi mamaki me ya hana takardar ƙonewa. Amsar ita ce, ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin zafi, takarda kuwa ba ta kamawa sai zafi ya haura digiri 200. Muddin akwai romo a ciki yana jiƙa ta, kuma harshen wuta bai taɓa ta ba, to za ta jure.

Dabarar ba ta da laifi. Inda gizo yake saƙa shi ne irin takardar. A zamaninmu, yawancinta buhun siminti ne aka yage. Mahauci mai kula yakan cire fallen da ya taɓa siminti ya yi amfani da na tsakiya, marar kula kuwa kakkaɓewa kawai yake yi. Siminti kuma abu ne mai cin fata, duk wanda ya yi leburanci ya san yadda yake tsattsaga hannu. Yanzu yawancin buhunan siminti sun koma na roba, saboda haka wannan matsala ta ragu, amma ta jarida tana nan. Tsire da ƙosai da soyayyar doya har gobe ana naɗe su a tsohuwar jarida ko takardar jarrabawar yara. Tawadar buga jarida ana haɗa ta da mai irin na ma'adini da sinadaran launi, ba a yi ta don ciki ba, kuma zafi da maiƙo suna narkar da ita. Sau nawa muka ga rubutu ya fito a jikin ƙosai muka yi dariya muka cinye? A ƙasar Indiya, hukumar kula da ingancin abinci ta yi gargaɗi a kan wannan a 2016, daga baya kuma ta hana shi da doka. Ban da tawada, wa ya san hannu nawa takardar ta bi, da inda ta kwana, da ɓeran da ya bi ta kai?

Sai kuma leda ta zo. Waɗanda muka yi makaranta tare za su tuna cewa alalen da ake sayar mana a bakin ƙofa a gwangwanin madara ko na tumatir ake yin sa. Ka ci, ka mayar wa mai alale gwangwaninta. A hankali leda ta kori gwangwani, ta kori ganye, domin tana da araha kuma ba ta bukatar wanki. Yau alale a leda, tuwo a leda, koko mai zafi a leda, har shayi na ga ana ƙullawa. Irin farar ledar nan tana fara narkewa ne da zafi ya ɗan wuce digiri 100, wato tazarar da ke tsakaninta da tafasasshen ruwa kaɗan ce, kuma idan ta taɓa gindin tukunya sai ta manne. Baƙar leda ta fi muni, domin sau da yawa daga tsofaffin robobi ake sake narka ta, ba kuma don abinci aka yi ta ba.

Ba zan tsaya a gabanku in ce wanda ya ci alalen leda yau zai kwanta gobe ba. Abin da zan faɗa shi ne abin da idona ya gani. Na sha tsayawa a mahauta da asuba a farke tumbin saniya ko na akuya a ciro dunƙulen leda, wani ya kai girman kan mutum. Dabba tana ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta cushe mata ciki. Na ga gonakin bakin gari da leda ta hana shuka tsira, na ga magudanan ruwa da ta toshe har ruwa ya shiga gidaje. Saboda irin wannan ne Ruwanda ta hana leda a 2008, Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na farar roba mai kumfa a watan Janairu na 2024. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

To, yanzu ga sabon baƙo ya shigo, wato foyil, takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe kaza da kifi a wajen biki. Ko a wannan taro na ga an shigo da wasu ƙunshe-ƙunshe masu walƙiya, kuma na lura hankalin wasu daga cikinmu yana can. Ku ƙara haƙuri kaɗan.

Foyil dai ba takarda ba ce, ƙarfe ne. Alminiyom ne, wanda iyayenmu suke kira sanholo ko goran ruwa, aka murje shi da inji har ya fi gashin kai siranta. Ana samun sa daga wata jar ƙasa da ake haƙowa, kuma ƙasar Gini ta nan Afirka ta Yamma tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikinta a duniya. A da, raba ƙarfen da ƙasar yana da wuya, har tsadarsa ta yi kusa da ta azurfa. Sai a 1886 wasu samari biyu, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa wuri, suka gano yadda za a yi wannan aiki da wutar lantarki. A 1910 aka fara murza shi ya zama foyil a ƙasar Suwizalan, inda aka soma naɗe cakulan da shi. Mu ma Nijeriya mun gina masana'antar narka alminiyom a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom, ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999.

Amfaninsa a girki a fili yake. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, iska da ruwa da haske ba sa ratsa shi, kuma yana lanƙwasuwa yadda kake so. Sau da yawa mata suna tambayata wane gefe ne ake sa wa abinci, mai ƙyalli ko marar ƙyalli. Duk ɗaya ne. A murzar ƙarshe falle biyu ake haɗawa, gefen da ya taɓa inji ya yi ƙyalli, gefen da ya taɓa ɗan uwansa ya dushe.

Ga yadda nake yi a gidana idan na samu karfasa ko tarwaɗa daga masuntan madatsar ruwa ta Zobe. A wanke kifi, a tsattsaga jikinsa da wuƙa. A daka attarugu da citta da tafarnuwa, a kwaɓa da man gyaɗa da gishiri kaɗan, a shafe shi ciki da waje, a cusa albasa a cikinsa. A shimfiɗa foyil, a ɗora ganyen ayaba ko ɓawon masara ko ganyen kabeji a kai, sannan a kwantar da kifin a kan ganyen. A naɗe bakin sosai, amma a bar ɗan fili a ciki inda tururi zai zagaya. A ɗora a kan garwashin da ya daina hayaƙi, a juya sau ɗaya, cikin minti 20 zuwa 30 ya nuna, gwargwadon girmansa. Lemon tsami kuma sai an buɗe ake matsawa. Idan kaza ce, a tsaga har ƙashi a duba, in akwai alamar jini a mayar da ita wuta.

Kun ji na sa ganye a tsakani, na kuma jinkirta lemon tsami. Dalili shi ne, alminiyom yana da abokan gaba uku a ɗakin girkinmu: tsami, da gishiri mai yawa, da kanwa. Tumatir da tsamiya da yakuwa da lemon tsami suna cin sa, kanwa ma haka, shi ya sa tukunyar sanholo take yin baƙi idan an dafa abu mai kanwa a ciki. Abin da ya zaizaye kuwa cikin abincin yake shiga. Saboda haka tubani ba na foyil ba ne, a bar shi a ganyensa. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya ƙayyade a 2011 cewa abin da jiki zai ɗauka ba tare da damuwa ba shi ne miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin mutum a mako. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana da miligiram 120. Mai lafiya da yake cin gashin foyil jefi-jefi ba shi da abin tsoro, domin ƙoda tana fitar da ɗan abin da ya shiga. Amma mai ciwon ƙoda da ƙananan yara, a kula da su.

Abu na biyu, kada a bar abinci ya kwana a naɗe a waje. Akwai wata ƙwayar cuta da take son wurin da babu iska, gubarta kuma tana shanye jiki har numfashi ya gagara. A 1994, a garin El Paso na Amurka, mutum 30 suka kamu da ita daga dankalin turawa da aka gasa a foyil aka bar shi a naɗe ba a sa a firji ba. Mu da muke ƙasar zafi, kuma wutar lantarki ba kullum ba, mun fi su bukatar wannan gargaɗi. Ƙunshin biki idan ya zo gida, a ci da zafinsa. In zai yi saura, a buɗe, a juye a kwano, a sa a sanyi ko a sake ɗumama shi sosai. Masu tandar lantarki ta zamani mai ɗumama abinci cikin minti ɗaya kuma, kada a sa foyil a ciki, tartsatsi yake yi.

Bayan girki, foyil yana da wasu amfanoni. Shi ne a bayan katin ƙwayar magani, shi ne a cikin kwalin madara da ƙunshin ganyen shayi, yana tsare su daga danshi. Idan aka dunƙule wanda aka yi amfani da shi, yana kankare ƙarfen gashi. Ana shimfiɗa irinsa a ƙarƙashin kwanon rufi don mayar da zafin rana. Wanda ya fi burge ni shi ne murhun rana, wanda ake yi da kwali a manna masa foyil, a sa baƙar tukunya a tsakiya, hasken rana ya taru a kanta ya dafa shinkafa ko wake cikin 'yan sa'o'i. An yi amfani da dubbansa a sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur da ke gabashin Cadi, don rage wa mata fita neman itace. Mu da muka ga yadda itatuwan da muka sani tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi suka ƙare a murhu, ya kamata mu yi tunani a kan wannan. Daɗin daɗawa, alminiyom ba ya mutuwa: sake narka tsoho yana cin kamar kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake bukata wajen yin sabo. A tara shi a ba masu sayen gwangwan, ya fi a jefa a kwata.

Yanzu sai maganar bashi. Iyayenmu malamai, ina roƙon ku saurara da kyau, domin wasunku suna cikin kwamitin da ya yi bincike.

A lokacin sanyin 1982, muna aji huɗu, ana saura kwana kaɗan jarrabawa, wuta ta ɗauke a ɗakin kwananmu da dare, sauran ɗakuna kuwa suna da haske. Wani abokina, wanda gadonsa yake saman nawa, yana da 'yar hita ta dafa ruwa da yake ɓoyewa a akwati, ita ce ta ƙona fis. Ni kuma a makon nan aka koya mana cewa alminiyom yana ɗaukar lantarki. Sai na fita na tsinci kwalin sigari a bayan ɗakin maigadi, na zare takardar nan mai ƙyalli ta ciki, na naɗe fis ɗin da ita na mayar. Wuta ta kawo, ɗaki ya ɗauki tafi, har aka yi mini kirari. Abin da ban sani ba shi ne, da gangan ake yin wayar fis siririya, don idan lodi ya yi yawa ta tsinke ta ceci gida. Ni kuwa na toshe wannan ƙofa. Aka ci gaba da dafa ruwa. Wajen ƙarfe biyu na dare wani yaro ɗan aji ɗaya ya tashi fitsari ya ji ƙauri, ya ga allon fis yana ci da wuta har ta fara lasar silin. Ihunsa ne ya tashe mu, aka kashe da yashi. Mu fiye da arba'in ne a ɗakin nan, ƙofa ɗaya ce, tagogi kuma da ƙarfe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Washegari aka yi bincike aka samu hita. Abokina ya sha bulala a gaban asambuli, aka kore shi na mako biyu, ya rasa jarrabawa biyu. An tambaye shi wanda ya taɓa fis, ya ce bai sani ba. Ina tsaye a layi, ban ce uffan ba. Fiye da shekara arba'in ke nan, duk lokacin da na ga foyil sai abin ya faɗo mini.

Jiya da dare na same shi a masaukinsa na faɗa masa cewa yau zan tona kaina. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Haba ɗan uwa, ai ni na riƙe maka tocila." Ya ce ya yafe tun a ranar. Duk da haka, tunda a bainar jama'a aka hukunta shi, a bainar jama'a ya kamata in wanke shi. Yana zaune a cikinku, ba zan kama suna ba, 'yan ajinmu sun san shi. Hita tasa ce, amma gobarar tawa ce. Malamai, ku gafarce ni. Yaron nan ɗan aji ɗaya kuma, in yana nan ko wani ya san inda yake, ina son in gaishe shi hannu da hannu. Har yau ina ganin ana yin wannan ganganci da waya ko foyil a shaguna da gidajen haya. Don Allah, duk wanda ya gani ya hana.

A ƙarshe ina da shawara guda biyu ga ƙungiya, kuma ba masu tsada ba ne. Ta farko, mu sayi ƙananan kofunan silba masu murfi mu raba wa matan da suke sayar da alale da koko a bakin makarantarmu, bisa sharaɗin su daina ƙulla wa yara abinci mai zafi a leda, mu kuma samo wa masu ƙosai da tsire farar takarda mai tsabta a madadin jarida. Ni na ɗauki nauyin dozin biyar na farko. Ta biyu, cikinmu akwai injiniyoyin lantarki, a naɗa biyu su zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai kafin sanyi ya shigo, su duba wayoyi da fis, su kawo wa shugaba rahoto.

Ku kuma 'yan uwa, idan kun koma gida, ku tambayi tsofaffinku yadda ake naɗe tubani da alale a ganye, ku sa 'ya'yanku da jikokinku su zauna su gani, tun masu iyawar suna raye.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Shugaba, ina ganin yanzu za a iya buɗe ƙunshin nan tun bai huce ba.